Rim Ɗin Aloy Ya Kurje: Fenti, Walda ko a Nemi Wani?

Cikin dare ne, ana yayyafi, na zo karya kwanar shiga layinmu sai na ji "ƙurrr" daga ƙafar baya ta dama. Ban ko tsaya ba, na san gefen kwalbati ne. Da safe na tsuguna na duba: leɓen rim ɗin ya kurje kusan taƙi guda, fentin azurfa ya tafi, farin ƙarfe ya bayyana. Kafin azahar na samu shawara uku. Yaron da ke wanke mini mota ya ce gwangwanin feshi ɗaya ya wadatar. Mai fenti ya ce in kawo duka huɗun a yi musu wanka ɗaya. Wani abokina kuwa ya ce in daina wahalar da kaina, in shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, in ɗauko wani. Kowannensu yana da gaskiya a wurinta, matsalar ita ce babu wanda ya tambaye ni ko ciwon a fata ya tsaya ko ya kai ƙashi.

Wannan tambayar ce ke raba gardama, don haka da ita ya kamata a fara. Yawancin rim ɗin aloy da ke ƙarƙashin motocinmu zubi ne na alminiyam da aka gauraya da silikon kusan kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyam. Bayan an zuba shi a kamfani sai a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 540, a tsunduma shi a ruwa, a sake gasa shi na wasu awanni a wajen digiri 160. Wannan gashin ne ke ba shi ƙwari. Duk gyaran da zai sa wuta ta taɓa rim, yana wasa ne da wannan ƙwarin. Shi ya sa kurjewa, lanƙwasa da tsagewa ba ciwo ɗaya ba ne, ko da kuwa rami ɗaya ne ya haddasa su.

Kafin ka yi ciniki da kowa, a cire ƙafar daga mota a wanke ta ciki da waje. Ciki ya fi muhimmanci, domin leɓen ciki ba shi da yatsun da ke tallafe shi, wato sandunan nan da ke tasowa daga tsakiyar rim zuwa leɓen waje, can ne rami ya fi lanƙwasawa, kuma ba ka ganinsa in ƙafar tana ɗaure. A ɗora ta a injin balansin a juya a hankali, ka zuba ido a kan leɓen: in yana rawa sama da ƙasa, ya lanƙwashe. A shafa ruwan kumfa a inda taya ta haɗu da rim a ga ko iska na fita. In kana zargin tsaga, akwai tsohuwar dabarar maƙera wadda ba ta cin ko sisi: a shafa kananzir a wurin, a bar shi ya ɗan jima, a goge tas, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai tsattsafo ya zana baƙin layi a kan allin. Mota ma tana faɗa maka da bakinta. In sitiyari na karkarwa da zarar ka haura gudun kilomita 80 zuwa 100, ko kuma taya ɗaya tana neman iska duk bayan kwana uku alhali mai faci ya rantse babu ƙusa, to maganar ta wuce ta kwalliya.

Nawa rim ɗin ya tsallake duk waɗannan. Kurjewa ce zalla, farce yana ɗan maƙalewa a ciki amma ba ta yi zurfi ba. A nan zaɓi uku ne a gabana.

Na farko shi ne na yaron wanki, wato ka yi da kanka. Sanfefa mai lamba 240 don kwantar da kaifin, sai 400, sai 600 da ruwa, a goge maiƙo, a liƙe taya da takarda da salatif, a fesa firama (fentin farko da ke sa launi ya kama), a fesa launi, a rufe da kiliya (fenti garai mai sa ƙyalli). Ba ƙarya ba ne, ana yi kuma yana fita, musamman in rim ɗin azurfa ne gama-gari kuma tabon ƙarami ne a leɓe. Amma abu biyu ke kayar da mutane. Ɗaya, azurfa ba ɗaya ba ce. Ta Toyota daban, ta Honda daban, kuma wadda ta sha ranar Kano shekara goma ta riga ta sauya daga yadda ta fito. Za ka fesa a inuwa ka ga ya yi, ka fito rana ka ga faci kamar an ɗinka sabon yadi a tsohuwar riga. Biyu, fentin gwangwani bushewa kawai yake yi da iska, ba shi da sinadarin da ke sa shi ƙanƙamewa. Fetur ko man birki ya ɗiga a kai, ko a goge shi da omo da buroshi sau biyar a wurin wanki, sai ya dusashe. In motar ta aiki ce, kana son dai kada farin ƙarfen ya riƙa tsone maka ido, wannan ya ishe ka. In motar sayarwa za ka yi, dillali zai gano shi daga nesa, ya kuma ce an ɓoye wani abu.

Na biyu shi ne mai fentin mota na gaske, wanda ke haɗa fenti da hadina, wato sinadarin da ke taurara shi, ya fesa da bindigar iska. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mafi yawanmu, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne ka tsaya a kai. Fentin da ake haɗawa da hadina yana yin tauri ta hanyar haɗuwar sinadarai, shi ya sa yake jure fetur da sabulu da zafin birki. Ba ya buƙatar wutar da za ta taɓa ƙwarin ƙarfen. Ana iya daidaita launi, ana iya cike ƙaramin gurbi da bodi fila a goge ya dawo daidai. Inda ake samun matsala shi ne gaggawa. Na taɓa ganin mai fenti ya bar taya a jikin rim, ya tura katin karta a zagaye, ya fesa a kan ƙurar birki. Ranar ya yi kyau ƙwarai. Bayan wata biyu fentin ya fara tashi daga bakin leɓe kamar ɓawon albasa, domin fenti bai zagaya gefen ba, ruwa ya samu ƙofa.

Abin da za ka nema a bakin mai fenti kaɗan ne. A cire taya gaba ɗaya, ko aƙalla a danne ta ta saki leɓen. A cire dalmar balansin, a mayar da sabuwa bayan an gama. A yi amfani da firamar da ke kama alminiyam, domin ta ƙarfen bodi ba ta riƙe shi sosai; alminiyam da zarar an goge shi yake yin wani siririn fata da iska, fenti kuma ba ya son wannan fatar, saboda haka kada a goge yau a bar shi sai gobe. Sannan kada fenti ya shiga bayan rim inda yake manne da hob, wato ƙarfen da ake ɗaure ƙafar a jikinsa, kada kuma ya taru a gurbin noti. Wannan na ƙarshen ba maganar kyau ba ce. In fenti mai kauri ya zauna a ƙarƙashin noti, zafin birki zai tausasa shi, ya matse, notin da ka ɗaure tamau ya saki. Lokacin hunturu kuma a guji fesawa a fili. Ƙurar da ke yawo a watan Disamba da Janairu tana sauka a kan ɗanyen kiliya, ka shafa ka ji kamar tsakuwa. In babu ɗakin feshi, a yayyafa ruwa a ƙasa a yi da sassafe. Shi ma mai fentin, in kana da faɗa a wurinsa, ka ce ya rufe hancinsa da abin kirki, hadina tana da sinadarin da ke lalata huhu, tsumma a fuska ba ya tare shi.

Tambayar ko ɗaya za a yi ko duka huɗu, ni na fi karkata ga biyu na gefe ɗaya in aljihu bai kai huɗu ba. Babu mai iya ganin dama da hagu a lokaci guda.

Na uku shi ne fentin gari da ake gasawa, wanda masu yinsa suka fi yawa a Legas da Abuja. Ana kankare rim har ƙarfe da feshin yashi ko sinadari, a fesa masa garin fenti wanda wutar lantarki ke sa shi mannewa, a saka a tanda a zafin digiri 180 zuwa 200 na minti goma zuwa ashirin, garin ya narke ya zama fata guda. Wajen juriya ya fi fentin ruwa: ya fi kauri, tsakuwa ba ta fiye ɓantare shi ba, kuma yana rufe ciki da waje da lungunan yatsu. In rim huɗu ne duk suka tsufa, kiliya ta yi fari-fari tana ɓarewa, ko kana son sauya launi gaba ɗaya zuwa baƙi ko ruwan toka, wannan ya fi. Amma kada a yaudare ka cewa ba ya kurjewa. Kwalbati ba ta san fentin gari ba, kuma in ya kurje ba a yi masa ɗan faci yadda ake yi wa fentin ruwa, sai dai a rufe da fenti ko a sake daga farko. Bodi fila na yau da kullum ba ya jure tanda, don haka gurbi mai zurfi sai an nemo wani abin cikewa na musamman. Zubin alminiyam kuma yana da ƙananan kofofi da ke riƙe iska. In ba a fara ɗumama rim ɗin shi kaɗai ba kafin a fesa garin, za ka ga ƙuraje a fuskarsa.

Sai maganar zafi, wadda masana kansu ke jayayya a kai. Ka tuna gashin ƙarshe na kamfani a wajen digiri 160 yake, tandar fentin gari kuma ta ɗara haka. Minti ashirin a tandar da ake auna zafinta, da yawa suna ganin ba ya yin lahani. Tandar da aka haɗa a bayan shago da gas, babu ma'auni, a bar rim a ciki har a dawo daga cin abinci, wannan wani abu ne daban. Ka tambayi mai shagon zafi nawa yake kaiwa da minti nawa. In ya amsa da lamba, ka saurare shi. In ya ce "Oga, kada ka damu, mun saba," ka ɗauki rim ɗinka. Wanda kuma ya ce zai ƙone tsohon fenti da wutar gas don ya huta da goge, wannan kada ma ka bari ya taɓa.

Akwai wani nau'in rim da ke rikita lissafi, wanda fuskarsa ke ƙyalli kamar madubi da siraran layuka, lungunansa kuma baƙi ko toka. Yana da yawa a sababbin Toyota, Honda da Mercedes. Ba fenti ba ne wannan ƙyallin, ƙarfen ne aka fere da inji mai kwamfuta aka rufe da kiliya. In ya kurje, ruwa yana shiga ƙarƙashin kiliyar ya riƙa yin farin zane kamar sawun tsutsa. Mayar da shi yadda yake sai an sake fere fuskar, kowace fira kuma tana rage ƙarfe, shi ya sa ba a yi fiye da sau ɗaya ko biyu. In babu mai injin kusa da kai, ka haƙura da madubin, a mayar da su duka launi guda. Mai fentin da ya ce zai fitar maka da shi da hannu, gyaran gangar Auzinawa zai yi maka.

Yanzu ga inda ciwo ya kai ƙashi. Rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe, mai faci ya ɗauki guduma ya buga, ya koma, a ci gaba da tafiya. Alminiyam ba ya yafe wannan. Kana lanƙwasa shi yana ƙara tauri yana ƙara gautsi, bugu na uku ko na huɗu sai ya tsage. Ƙaramar lanƙwasa a leɓen ciki ana iya miƙar da ita da injin matsa mai amfani da mai, a hankali, ana juyawa ana aunawa da agogon awo. Wannan na yarda da shi, in an duba tsaga bayan an gama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kunna wutar gas a kai. Ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka. Alminiyam ba ya sauya launi, yana nan fari har ya kai digiri 600 da ɗoriya ya zube, kuma tun kafin nan ƙwarinsa ya daɗe da tafiya. Rim ɗin zai fito a miƙe, ya yi kyau a injin balansin, amma wurin ya zama laushi, ramin gaba zai same shi a nan. In kuma rim ɗin gaba ɗayansa ne ya murɗe daga tsakiya, yana rawa gefe da gefe, babu injin da zai dawo da shi yadda za ka amince.

Walda ita ce aka fi yi mini gardama a kai. Masu waldar argon da suka iya hannunsu suna nan, kuma aikinsu yana riƙewa: a huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a buɗe ta, a kankare fatar da ke kai (ita wannan fatar sai zafi ya haura digiri 2,000 take narkewa, shi ya sa waldar lantarki ta masu ƙofa da taga ba ta yi), a cike ciki da waje. Duk da haka ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin ya rasa gashinsa na kamfani, kuma babu mai mayar masa da shi a gareji. A Jamus, inda wasu daga cikin motocin da muke kira Baljam suka yi rayuwarsu ta farko, ba a yarda a yi wa rim ɗin aloy walda ko a miƙar da shi a mayar kan titi ba. Abin da suka yarda da shi gyaran kwalliya ne, in tabon bai wuce zurfin milimita 1 ba kuma bai yi nisan da ya wuce milimita 50 daga leɓen waje ba. Mu dai ba Jamus muke ba, kuma na san wanda rim ɗinsa ya tsage a hanyar Birnin Gwari ba zai tsaya jiran doka ba. In ɗan gajeren tsagu ne guda ɗaya a leɓen ciki, a yi walda ya kai ka gida, ko ya zama safaya. Tsagu a yatsa, ko kusa da ramin noti, ko guda biyu a rim ɗaya, ko wanda ya bi zagayen rim ɗin, wannan na 'yan gwangwan ne. Taya mara tiyub da leɓen rim take riƙe iska, in ya buɗe kana gudun 120 tsakanin Zariya da Kano, iskar lokaci ɗaya za ta fice.

Sai shawarar abokina, wato sauyi. A Ƙofar Ruwa, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, za ka samu iri biyu: na asali da aka ciro daga motocin waje, da sababbi masu ƙyalli waɗanda aka kwaikwayi zanen manyan kamfanoni. Ido zai ja ka zuwa sababbin. Ni na fi son tsohon na asali ko da da ɗan tabo, domin an ƙera shi ne daidai nauyin motar, araha kuma ba ta ado. Juya bayan rim ka karanta. Za ka ga wani abu kamar 7Jx17 ET45: faɗi inci 7, girma inci 17, lambar ƙarshe kuma tana nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje. Na Japan suna ɗauke da tambarin inganci na JWL, kodayake masu kwaikwayo ma sun iya buga shi. Kada ka yarda da "zai shiga" a baki. Camry da Accord duk noti biyar ne a zagayen milimita 114.3, amma ramin tsakiyar Toyota 60.1 ne, na Honda 64.1, don haka na Camry ba ya zama a kan Accord, na Accord kuma yana shiga Camry da sako-sako. Corolla samfurin Amurka ta 2003 zuwa sama yawanci noti biyar ce a 100, Mercedes 112, Peugeot 406 huɗu a 108. Su notin ma ba ɗaya ba ne: na aloy ɗin Toyota mai wosha ne shimfiɗaɗɗe, na Honda gindinsa zagaye ne, na rim ɗin kasuwa yawanci mai tsini. Ka haɗa su ba daidai ba, notin zai ɗauru amma bai zauna ba. Sannan tsohon rim ma ana yi masa walda a shafe da fenti. In ka ga na Baljam yana ƙamshin sabon fenti, shafa cikinsa da tafin hannu ka ji ko akwai tudu, kuma kada ka biya sai an ɗora shi a injin balansin a gabanka.

In har sauyin za ka yi duka huɗu, ka yi tunanin girma. Camry mai taya 215/60R16 tana da roba kusan milimita 129 tsakanin rim da titi. Ka mayar da ita 225/45R18 don gayu, ta koma wajen 101. Wannan ratar da ka rage ita ce ke shanye duka kafin ya kai ga ƙarfe. Direbobin haya da ke bin dogon zango ba wauta ce ke sa su manne wa rim ɗin ƙarfe ba.

Ni dai a ƙarshe wurin mai fenti na koma da ƙafafun dama biyu. Da na ce a cire taya, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙarin aiki ne." Na ce na sani, zan biya mai faci daban. Ya goge, ya cike gurbin da fila ɗan kaɗan, ya gwada launi a kan murfin gwangwani sau uku muna fita rana muna dubawa kafin mu daidaita. Na bar su kwana biyu kafin a mayar da taya, na kuma tsaya a kan yaron faci don kada ya sa ƙarfen ɓanɓare taya a sabon leɓen ba tare da tsumma ba. Notin Toyota irin tawa awon ɗaurinsa Nm 103 ne a sifana mai awo, ba tsalle a kan sanda ba, na sa aka sake duba su bayan na yi tafiyar kilomita 50. Kwalbatin kuwa tana nan inda take, yanzu sai na wuce ta sosai nake karya sitiyari.